Bishiyoyin da Ba Sa Cikin Takarda

Shekara shida Kure ya yi a Dubai, amma in ka tambaye shi labarin dogayen benayen nan da ake nunawa a talabijin, sai dai ya ce maka yana hango su daga nesa ranar da sama ta washe. Tasa Dubai ɗin daban ce. Ɗakin kwantena ne guda, da rumfar injuna uku, da wani ƙaton tankin ruwa, da wayar shinge, sai kuma yashi iyakar ganinka.

Mutumin wani ƙauye ne a kudancin Kano, can wajen Tudun Wada. Kirista ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba hamsin baya da kaɗan, kuma makanikin injin ban ruwa ne tun yana saurayi. Irin mutanen nan ne da za ku yi tafiyar yini guda a mota ba su ce maka komai ba sai sannu da hanya, amma da inji ya sauya kuka za ka ga sun ɗaga kai. Matarsa Salomi takan ce da a ce ita famfo ce, da ta fi samun hira a gidan nan.

A farkon shekarar 2009 ya sauka, kuma gaskiya bai dace da lokaci ba. Wani kamfani ne ya zana unguwa mai gida ɗari uku a bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Aka gina arba'in, sai aikin ya tsaya cak. Leburori suka watse, ƙarafan gini suka yi tsatsa a tsaye. Wanda ya rage shi ne mai kula da injunan ruwa, don ko gida ɗaya ne a unguwa sai an ba shukarsa ruwa. Da farko su biyu ne, shi da wani mutumin Nepal. Bayan wata huɗu aka ɗauke wancan, aka ce za a kawo wani. Har Kure ya bar ƙasar ba a kawo ba.

To ga yadda maganar ruwan take. An yanka wa unguwar kason ruwan ban shuka tun a takarda, daidai da lambunan gida ɗari uku. Ba ruwan sha ba ne. Ruwan da mutanen gari suka riga suka yi amfani da shi ne, aka tace, aka sake tacewa har ya fito garau, aka turo shi ta bututu don ciyawa da furanni. Gida arba'in kuwa nawa za su sha? Tanki ya cika, ruwa ya kwana biyu, ya soma wari. Umarnin da aka ba Kure shi ne duk bayan kwana biyu ya buɗe famfon ƙarshen layi, wanda bakinsa ya leƙa bayan shinge, ya bar rarar ta tafi cikin yashi.

Ranar da ya fara buɗewa bai bar wurin ba. Ya tsaya yana kallon ruwa mai kaurin cinya yana kwarara, yashi yana shanyewa, ko laima ba ta daɗewa. Shi fa gonar ubansa a wutsiyar magudana take. Ya taso yana ganin manya suna tashi tsaye a kan ɗan abin da ya rage bayan na sama sun sha, har wa da ƙane su daina gaisawa. A garinsu dokar a bayyane take ko da ba wanda ya rubuta ta: ruwan da ya wuce gonar ƙarshe ba na kowa ba ne, duk wanda ya tare shi da fartanya ya zama nasa. Wanda kuma ya tsaya yana kallo ya lalace, shi ne mai abin kunya.

Wata Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, ya shiga bas ya tafi coci a Bur Dubai. Da aka tashi bai tsaya gaisawa ba, don bai san kowa ba. Ya hau ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane zuwa Deira, ya bi ta unguwar Al Sabkha da ƙafa. A gindin wata darbejiya da ke bakin titi ya durƙusa yana tsintar 'ya'ya yana zubawa a aljihu, masu shaguna suna kallonsa suna taɓa juna. Wajen Indiyawa masu kayan miya ya sayi busasshen zogale mai 'ya'ya, ya haɗa da ɗan ƙullin magarya. Hausawa 'yan kasuwar Naif da suka ji harshen Kano a bakinsa suka ce masa ya zauna a sha lemo. Ya ce na gode, bas zai tafi ya bar shi.

A bayan shinge ya ja kunya, ya fitar da 'yan kwaruruka irin na lambun gida. Ya riƙa yawo cikin yashi da buhu yana tsintar kashin raƙumi yana kawowa. Rana ta ƙone na farko, iska ta binne na biyu. Ya kafa musu kariya da tsofaffin katakan gini, ya sake shukawa. A ƙarshe goma sha ɗaya suka kama: darbejiya bakwai, zogale uku, magarya ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, zaman kaɗaici ya ci Kure a shekarun nan. Mutanen gidajen arba'in ta gilashin mota kawai yake ganinsu, su ɗaga masa yatsa biyu su wuce. Ranar Lahadi yakan kira Salomi. Ta ce yara lafiya, ya ce aiki lafiya, sai ta ce to kada katinka ya ƙare. Akwai ranakun da kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ita ce addu'ar cin abincin yamma. Wani lokaci yakan yi gyaran murya haka kawai don ya tabbatar muryar tasa tana nan. Da yamma sai ya fita bayan shinge ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa ƙasar gindinsu da yatsa, ya koma ɗaki.

A shekara ta uku darbejiyoyin sun fi shi tsayi nesa ba kusa ba, sun haɗe kai sun yi inuwa. Wata rana bayan la'asar yana gyaran kwari sai ya ji gurnani. Ya ɗaga kai ya ga raƙuma takwas sun nufo shi, wani dogon mutum siriri mai rawani yana biye da su da sanda. Mutumin ya yi sallama da Larabci, Kure ya amsa da ɗan abin da ya iya. Suka tsaya cirko-cirko. Can sai wata raƙuma ta miƙa wuya za ta kai wa magarya baki, mutumin ya daka mata tsawa.

"Ke, bar na mutane."

Da Hausa ya faɗa. Fartanya ta sulluɓe daga hannun Kure.

"Malam, daga ina?"

Mutumin ya juyo a hankali, ya sauke rawanin daga bakinsa. "Damagaram. Kai hwa?"

"Kano."

"Tau," in ji shi. "Ni dai na ce wanda zai yi lambu a wannan wuri sai Bakano. Ko a lahira kuka ga ruwa sai kun kafa tumatir."

"Ku kuma ko ina aka yi inuwa sai kun kawo dabba," in ji Kure. Ya ji kansa yana dariya, abin da ya manta yadda ake yi.

Sunan mutumin Hamissou. Ya yi makarantar Faransanci har ya kusa zama malamin firamare, rayuwa ta juya, ya ƙare yana kiwon raƙuman wani Balarabe da garkensa yake bayan tudun yashi, tafiyar rabin awa. Shi ma kusan shi kaɗai ne a can, abokan aikinsa biyu ba su jin yarensa, shi ma ba ya jin nasu. Daga ranar nan hanyar kiwonsa ta karkato. Kullum bayan la'asar raƙuma su zo su gurfana a gefen inuwa, suna fizgar ganyen magarya da zogale in an yi sakaci, shi kuma ya fito da 'yar butar shayi da gawayi a leda. Kure ya kawo ruwa daga wanda yake sha, don ya ce na tanki bai kamata a yi shayi ko alwala da shi ba. Hamissou ya yi sallarsa a gindin babbar darbejiyar, Kure yana fifita wuta yana gunguni da waƙar coci a maƙogwaro.

Hirarsu ba ta da yawa. Ko an yi ruwa a gida, gero ya yi ko bai yi ba, ɗiyar Hamissou da aka haifa bayan tahowarsa ta fara tafiya. Sai tsokana, wadda ba ta ƙarewa tsakanin Bakano da Badamagare. Amma Salomi ta lura. Ta ce masa a waya, "Baban yara, kwanan nan bakinka ya buɗe." Shekara uku suka yi a haka, kuma su ne shekarun da Kure yake ƙirgawa a cikin na Dubai.

A 2014 gini ya dawo. Motocin siminti suka sake cika hanya, aka sayar da gidaje, masu gidajen suka kafa kwamiti, kwamiti ya ɗauki manaja. Manajan nan mai ido ne. Ya duba abin da ke shigowa tanki da abin da lambuna ke sha, ya ga rara, ya kuma san yanzu akwai masu neman ruwa ido rufe. Wata safiya direban ofis ya miƙo wa Kure takarda ta taga. Ya karanta sau uku. Nan da mako shida za a sa mita a famfon ƙarshen layi, a ɗaure shi da hatimi. Za a sayar da rarar.

Bai gaya wa Hamissou ba a ranar. Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi ofishin manajan a Bur Dubai. Bai ga manaja ba, amma ya ci sa'a, sakatariyar 'yar Kafanchan ce, sunanta Patricia, ba ta wuce sa'ar babbar 'yar Kure ba. Da ta ji sunansa ta miƙe ta ba shi kujera.

"Baba, sannu da zuwa. Kai ne na wajen injuna? Kullum ina ganin sunanka a takarda, ban taɓa ganinka ba."

Ya yi mata bayani a hankali, hular aikinsa a kan gwiwa. Ya ce ba duka yake nema ba. Abin da bishiya goma sha ɗaya za su sha kawai, ko a cikin tanki ba za a ga ya ragu ba.

Patricia ta jawo wani littafin ƙa'idojin unguwar mai baƙin bango, ta buɗe. Ta ce da farko kwamiti zai rubuta yawan rarar ya sa hannu. Bayan haka dole a fara yi wa maƙwabtan da filinsu ke kusa tayi, a jira su kwana talatin. In ba wanda ya ɗauka, sai a buɗe wa na nesa. Kuma daga ranar da aka rubuta, ba a ba kowa kyauta, ko bokiti ɗaya, don ruwan ya zama dukiyar masu gidaje gaba ɗaya, ba wanda yake da ikon yin alheri da abin jama'a.

"To ni zan saya," in ji Kure.

Ta dube shi, ta sauke ido. "Baba, fom ɗin yana tambayar lambar fili. Mai fili kaɗai ake sayar wa, kuma ruwan ba ya barin filin da aka rubuta. Inda bishiyoyin suke, filin wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Yashi ne."

"Shi ne matsalar. A taswira wurin nan fanko ne. A takarda babu bishiya ko ɗaya."

"'Yata, shekara biyar ina zubar da ruwan nan a ƙasa da umarninsu, ba wanda ya ce kanzil."

"Lokacin ba shi da mai so, Baba. Zubarwa an yarda da ita. Bayarwa ce ba a yarda da ita ba."

Kure ya juya maganar a kansa ta kowace fuska, ta ƙi zama. Ya gode mata, ya miƙe. Har ya kai ƙofa ta kira shi. Ta ce a jerin maƙwabtan da za a yi wa tayi akwai garken raƙuman nan na bayan tudun yashi. In mai garken ya saya, ya ce na inuwar dabbobinsa ne, wataƙila a duba a ja masa layi ta wajen. Ba ta yi alkawari ba. Ta dai zaro fom guda ta ninka ta sa masa a hannu.

Da yamma ya shimfiɗa wa Hamissou komai. Hamissou ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Malam Kure, patron ɗin nan nawa, mai raƙuman, ranar Juma'a kawai yake zuwa. Arbab muke ce mishi. Ya fi magana da raƙuma bisa ga mutane. Ni ban taɓa roƙonshi komi ba."

"Ba roƙo ba ne. Abin amfaninsa ne. Dabbobinsa ne ke kwanciya a nan."

"Bon, tau. In gwada."

"Amma ba za ka je masa hannu rabbana ba," in ji Kure. "Babban mutum ne."

A nan ne Kure ya yi abin da kowane ɗan mutunci a garinsu zai yi. Mai son ganin babba a kan maganar gona, amfanin gonar yake kai masa, ya gani da idonsa, ya ɗanɗana, sannan a yi magana. Ranar Alhamis ya tashi da wuri ya tsinko ganyen zogale mafi laushi, ya zaɓi dogayen 'ya'yansa masu kyau, ya tsince magarya nunanniya ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da tsumma. Ya jera su a kwali mai tsabta, ya rufe da sabon tawul ɗin da bai taɓa amfani da shi ba, ya ɗora fom a sama. Hamissou ya ɗaura kwalin a bayan raƙumi ya tafi da shi.

Juma'a Hamissou bai zo ba. Kure ya ce ai ranar zuwan maigida ce. Asabar ma bai zo ba. Kure ya hura gawayi har sau biyu, ya bari ya mutu. Ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da ko tsuntsu ba ya tashi, ya hango mutum ɗaya yana saukowa daga tudun yashi da ƙafa, ba raƙumi ko ɗaya.

Hamissou ya zauna a inuwa, ya sha ruwa, ya goge baki. Bai yi tsokana ba.

Ya ce da farko arbab ya ji daɗi. Ya ɗauki magarya ya ci, ya ce irin ta ƙuruciyarsa ce. Ya tambaya a ina ta fito, aka gaya masa. Sai ya tambaya da wane ruwa. "Ni kuma ban iya yi mishi ƙarya ba," in ji Hamissou. Da arbab ya ji ruwan da gari ya yi amfani da shi ne aka tace, sai ya ajiye ƙwallon da ke hannunsa. Ya tambaya tun yaushe raƙuma ke zuwa wurin, ko suna cin ganyen. Nonon raƙuman nan gidansa ake kaiwa, tsohuwarsa ba ta shan na ko'ina sai shi. Aka kira likitan dabbobi, ya duba, bai ga komai ba. Amma magana ta riga ta fita. Ba raƙumin da zai sake bin wannan hanya. Shi kuma Hamissou an mayar da shi wani garken na maigidan, tafiyar awa biyu a mota. Gobe da safe za a ɗauke shi.

"Fom ɗin fa?" in ji Kure, ya kuma ji kunyar tambayar tun kafin ya rufe baki.

"Bai buɗe ba."

Kure ya sunkuyar da kai. "Ni na jawo maka. Da na bar kwalin nan."

"Ka yi abin da aka koya maka a gida," in ji Hamissou. "Ni ma da shi zan yi. Garin ne ba namu ba."

Ba su sha shayi ba, don satar jiki ya yi ya zo. Suka karɓi lambar juna, abin da ba su taɓa bukata ba a shekara uku. Kure ya raka shi har gindin tudu. Hamissou ya ce Allah ya sada mu da alheri, Kure ya ce amin, ya tsaya har rawanin ya ɓace.

Akwai sauran mako huɗu kafin a rufe famfo. Bishiyoyin nan ba su taɓa yin kyau kamar a wannan watan ba, sun yi shar, zogale ya yi fure. Kullum bayan la'asar Kure ya fito ya zauna, kunnensa yana wajen tudu ko da ya san ba abin da zai fito. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya fi zaman shekarun farko ciwo, don a lokacin bai san abin da ya rasa ba.

Ba maƙwabcin da ya ɗauki tayin. Wani ɗan kwangilar titi ne ya saye rarar gaba ɗaya. Ranar da aka kawo mita, Kure ne ya ɗaura ta, tunda aikinsa ne. Ya naɗe zaren hana yoyo, ya ɗaure ƙusoshi, ya gwada, ko ɗigo babu. Mutumin ofis ya matse hatimi ya ɗauki hoto. Daga ranar motocin tanka suka riƙa shigowa layi-layi suna cika ciki. Daga bakin shinge yana iya hango su can nesa suna tafiya a hankali, suna fesa ruwan a kan yashin sabon titi don ƙura ta kwanta. Kafin tanka ta juyo, wurin ya bushe.

Kada ka ce dabara ce ta ƙare masa. Mutumin da ya yi shekara talatin da bututu ya san hanya ashirin da gaɓa za ta yi yoyo ba wanda ya gane. Ya tsaya a kan wata gaɓa kusa da shinge da sifana a hannu, ya fi sau ɗaya. Amma dokar garinsu da ta ba shi ruwan da ba shi da mai shi, ita ce ta hana shi wannan. Yanzu ruwan ya yi mai shi, wanda ya taɓa ɓarawo ne. Ya mayar da sifana aljihu.

Abin da ya rage masa shi ne nasa na kansa. Ya sa bokiti a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yana tarar abin da take ɗigarwa. Ya riƙa wanka a tsaye cikin baho don kada ruwan ya tafi. Ruwan wanke kwano, ruwan wanke shinkafa, duk ya tara. A yini bai fi bokiti biyu ba, kuma zafin da ake yi a watan Yuli a ƙasar nan ba ya jin bokiti biyu. Da farko ya raba musu daidai, kowa kofi-kofi, sai ya ga duka yake kashewa a hankali. Ya tsaya ya zaɓa. Ya bar wa babbar darbejiyar duka, ya daina bi ta wajen sauran.

Zogale ne ya fara tafiya. Sai ƙananan darbejiyoyin suka yi ja, suka zube, iska ta kwashe ganyen ta tara a jikin waya. Magarya ta yi taurin kai har kusan ƙarshen shekara. Babbar ma ta zubar da fiye da rabi, reshe ɗaya ne ta gabas ya riƙe ganye. Da Salomi ta tambaye shi me ya sa ya koma shiru, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Hamissou bai kira ba, shi ma bai kira ba. Kure yana ganin wanda ya jawo wa mutum wahala ba shi da bakin fara gaisuwa. Sai a watan Fabrairun 2015, wata biyu kafin bizarsa ta ƙare, yana cikin rumfar injuna da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya kashe inji ɗaya don ya ji da kyau.

"Bakano. Kana da rai?"

"Malam Hamissou." Sai da ya yi gyaran murya. "Ina gajiya? Ya dabbobi?"

"Lahiya lau. Ya aiki? Ya iyali?"

"Da godiya."

"Ya inuwarmu?"

Kure ya leƙa ta ƙofar rumfa. Kututture goma a tsaye, farare, da ɗaya mai reshe guda. A inda ya taso ba a amsa gaisuwa da mugun labari, kuma ko da ana yi, bai ga ta inda zai fara ba.

"Tana nan," ya ce.

"Madalla. Nan ko itace ɗaya babu, wallahi, sai rumfar kwano. Kullum in na aza shayi ita nake tunani. Arbab ya ce wataƙila ya ba ni yini guda cikin watan gobe. In na samu mota zan zo mu zauna."

"Allah ya kawo ka lafiya."

"Ka ajiye gawayi."

"Akwai."

Layin ya yanke. Kure ya sa wayar a aljihu. Ya tayar da injin da ya kashe, ya duba mita, ya rubuta lamba a takardar aiki. Bayan la'asar ya ɗauki bokitinsa ya fita bayan shinge, ya tsiyaya a gindin darbejiyar a hankali har ƙasa ta shanye. Sannan ya tsaya yana duban inuwar da reshen nan ɗaya ya jefa a kan yashi. Ya zauna a cikinta, ta rufe shi daidai. Ya dubi damansa, ya dubi hagunsa, ya auna da ido ko mutum biyu za su shiga. Ba za su shiga ba.

Ya matsa gefe ya bar wurin mutum ɗaya, ya share shi da tafin hannu. Rabin jikinsa yana cikin rana, ya zauna a haka har ta faɗi.